Rautata tana mance saiti duk sanda aka ɗauke wuta, a taimaka

Mai Kafe Agege: Slm jama'a barkanmu da war haka. Don Allah masu ilimin netwok a agaza min. Na sayi rauta Cisco 1941 ta hannu, irin tokumbon nan, a Computer Village saboda kafe ɗina, wani yaro yazo ya saita min komai har ya rubuta min umarnin a takarda, intanet na gudu lafiya lau. To matsalar da zarar an ɗauke wuta kafin a tada janareta ta mutu, in ta dawo sai ta dawo fanko, ba IP ba suna ba komai, tana tambayata wai "Would you like to enter the initial configuration dialog" sai na sake zama da laftof da shuɗin kebul ɗin nan ina shigar da komai daga farko ga kwastomomi sun zuba min ido wasu har su gaji su tashi. Yanzu haka ma halin da ake ciki kenan.

Ɗan Alaba: Wslm. Oga wuta ta cinye mata memori kawai. Irin canjin da akeyi daga layi zuwa jen ɗin nan shi ke kashe kaya a garin nan. Ɗauke ta ka mayar wa wanda ya sayar maka tun garantinsa na baka bai ƙare ba

Ɗalibin CCNA: A'a ni ina ganin baya yin sebin ne. Cisco ba kamar rautar gida bace, in ka gama saiti dole ka buga write memory ko copy running-config startup-config, in ba haka ba ana kashewa komai ya tafi

Mai Kafe Agege: Wlh ina yi. Yana cikin takardar, shine layin ƙarshe. Har tana rubuta min Building configuration sannan OK

Ɗalibin CCNA: To buga wr (gajeren write memory) yanzu ka turo mana hoton sikirin mu gani ko tana bada wani kuskure

Injiniya Ikeja: Tsaya tsaya! Malam kar ka buga wr yanzu, ɗaga hannunka daga kibod ɗin tukuna.

Injiniya Ikeja: Ƙanina ɗalibi maganarka ta farko daidai ce amma ta biyun zata iya jawo masa asara. Rauta tana riƙe da saiti guda biyu. Akwai running-config wanda take aiki dashi a lokacin, yana cikin RAM, kamar rubutun allo ne ana ɗauke wuta an wanke. Akwai kuma startup-config wanda ke cikin NVRAM, shi wuta bata taɓa shi. Abin da wr keyi shine ya kwafe na farkon ya danne na biyun dashi. To yanzu yace ta tashi fanko, ma'ana running ɗin ba komai a ciki. In ya buga wr a haka fankon zai hau kan wanda ya ajiye, in akwai wani abu a ajiye ya shafe shi da hannunsa kenan.

Ɗalibin CCNA: Kai, haka ne fa oga

Injiniya Ikeja: Mai Kafe, tambayar nan da take maka ka amsa mata no. Sannan enable, sannan show startup-config. Kallo kawai zamuyi, ba abin da zai canza. Faɗa min abin da ka gani

Mai Kafe Agege: To bari in gwada

Mai Kafe Agege: Ikon Allah. Injiniya ga komai nan! Sunan da muka sa mata, IP na GigabitEthernet0/0 da 0/1, DHCP, layukan NAT ɗin nan, duk suna nan yadda na shigar jiya da daddare. To me yasa bata aiki dasu

Baban Ilham: Batir ne. Akwai ɗan batir mai kama da kwabo a cikinsu irin na madabod ɗin kwamfuta, in ya mutu haka sukeyi. Na taɓa ganin irin haka a wani ofis a Apapa

Injiniya Ikeja: Alhaji akwai tsofaffin manyan rautoci da NVRAM ɗinsu ke jingine da batir, wannan gaskiya ne. Amma duba abin da ya faɗa yanzu, saitin yana nan bai ɓace ba. Da batir ne ko da memorin ya ƙone kamar yadda Ɗan Alaba yace, da show startup-config ya fito ba komai ko ya bada kuskure. Ajiya tana aiki, karantawa lokacin tashi ne ba'ayi. Mai Kafe buga show version, ka ringa danna sifes har ka kai ƙarshe, layin ƙarshe nake so

Mai Kafe Agege: Configuration register is 0x2142

Injiniya Ikeja: Shikenan mun kama ɓarawon. Ya kamata ya zama 0x2102

Ɗan Alaba: Yanzu lamba ɗaya ce ta hana bawan Allah barci? Ni ban yarda ba sai na gani

Injiniya Ikeja: Lamba ɗayar kuwa. Wannan rijistar ita ke gaya wa rauta yadda zata tashi, daga ina zata ɗauko IOS (manhajar da take aiki da ita), da wane gudu zata yi magana ta kwansol (inda ake jona shuɗin kebul ɗin nan da laftof), da kuma ko ta karanta NVRAM ko ta tsallake shi. 0x2102 shine wanda take zuwa dashi daga kamfani. Bambancinsa da 0x2142 shine 0x40, bit na 6 kenan, kuma aikin bit ɗin ɗaya ne, a yi biris da startup-config lokacin tashi. Ba lalacewa bace, da gangan aka yi shi don wanda ya mance fasawod. Zaka kashe ka kunna, ka aika Break ta kwansol tana cikin tashi ka faɗa ROMMON, wato ƙaramar manhajar da take fara tashi da ita kafin IOS, ka buga confreg 0x2142, ka buga reset, sai ta tashi ba fasawod ka shiga ka gyara. Ana gamawa sai a mayar da 0x2102. Wannan matakin na ƙarshe shi mutane ke mantawa.

Injiniya Ikeja: Kuma a kayan tokumbo abu ne da ake yawan gani, don galibi daga wani ofis ko kamfani aka ciro su da fasawod ɗin masu su na da, mai shago dole ya fasa kafin ya nuna maka tana aiki. Yana ganin ta buɗe ya goge saitin ya ɗora a kanta, shi a wajensa aiki ya ƙare.

Ɗan Alaba: Ko kuma da gangan suke bari don ka dawo su caje ka kuɗin gyara

Baban Ilham: Haba Ɗan Alaba, kai ma fa ɗan kasuwa ne, kada ka ɗau alhakin mutane. Yawancin masu shagunan nan basu ma san me lambar ke nufi ba, yaro ne ke zuwa ya buɗe musu a biya shi ya tafi

Ɗan Alaba: Alhaji don ni ɗan kasuwa ne na faɗa ai 😂

Mai Kafe Agege: Ku bar wannan don Allah, Injiniya ya zanyi yanzu akwai mutum uku zaune suna jiran firintin

Ɗalibin CCNA: Yadda muka koya shine copy startup-config running-config, sai configure terminal, sai config-register 0x2102, sai end, sai wr. A lura fa startup ne farko running na biyu kar a juya

Injiniya Ikeja: Wannan hanyar tana aiki, ita akeyi in ana canza fasawod. Amma tana da tarko. Rauta in ta tashi fanko fot ɗinta duk a rufe suke, kuma copy ɗin nan ba maye gurbi yake ba, haɗe saitin biyu yake, don haka shutdown ɗin yana nan zaune. Sai mutum ya buga wr ya ajiye su a rufe, ya sake kunnawa yaga saiti ya dawo amma ba intanet, ya rasa gane kansa. In zaka bi ta nan dole ka shiga kowane fot ka buga no shutdown kafin wr, ka duba da show ip interface brief kaga up up.

Injiniya Ikeja: Shi Mai Kafe tunda saitinsa na jiya cikakke ne kuma shi ya sa fasawod ɗin, ga hanya mafi sauƙi. configure terminal, sannan config-register 0x2102, sannan end. Buga show version zakaga ta rubuta will be 0x2102 at next reload a gefen tsohuwar lambar. Sai reload. Zata tambaye ka System configuration has been modified, Save? ka ce mata no. Na maimaita, no. Rijistar bata buƙatar wr, a wajenta daban take zama. Sai ka tabbatar da reload ɗin ka jira.

Mai Kafe Agege: No fa kace? Ni da kullum ake ce min in yi sebin

Injiniya Ikeja: No. Yes a nan daidai yake da wr ɗin da na hana ka ɗazu. Kuma kafin ka danna komai ka tabbata kana tune da enable secret ɗin da kuka sa, don yau zata tambaye ka shi da gaske. Sannan ka rubuta lambar a hankali. In kayi 0x2100 zata tsaya a rommon taƙi ƙarasa tashi, in kayi 0x2122 gudun kwansol zai koma 19200 alhali PuTTY ɗinka, manhajar da kake magana da ita daga laftof, na kan 9600, sai kaga wasu baƙaƙe marasa ma'ana kace ta haukace.

Hajiya Mile 12: Slm, ku gafarce ni na shigo muku tsakiyar magana. Nima irin haka tawa keyi a shago amma ni ƙarama ce irin ta gida mai eriya biyu, ita muke haɗa kwamfutar lissafi da wayoyin yara. Sai mu wayi gari sunan waifai ya koma na kamfani fasawod ya koma wanda ke rubuce a gindinta. Ina zan sa wannan 2102 ɗin

Baban Ilham: Hajiya taki bata da wannan, ciwon daban ne ko da alamar ɗaya ce

Injiniya Ikeja: Gaskiyar Alhaji. Hajiya irin taki ba rijista a ciki, abin da kika faɗa yana nufin tana komawa saitin kamfani ne. Fara da maɓallin reset na bayanta, ɗan ramin nan. In ya maƙale ciki saboda ƙura ko wani ya taɓa soka masa tsinke da ƙarfi, duk tashin da zatayi gani take ana danne shi. Sa tsinken sakace a hankali kiji ko yana yin ƙas yana dawowa. A wasu kuma maɓallin WPS da na reset ɗaya ne, dannawa kaɗan WPS, riƙewa da daɗewa reset, to in yaran shago na riƙe shi don su haɗa waya su ke goge miki ita basu sani ba. Sai adafta, wadda tazo da ita kike amfani ko an canza?

Hajiya Mile 12: Ta asalin ta ƙone tun damina, yaro ya sayo wata a bakin titi

Ɗan Alaba: Yawwa nan kam fagena ne. Hajiya juya rautar ki karanta takardar da ke manne, za'a rubuta misali 9V 0.6A ko 12V 1A. Sai ki duba jikin adaftar. V ɗin dole su zama ɗaya, A ɗin adafta kuma ya kai na rauta ko ya fi, kar ya gaza. Kuma na bakin titin nan abin da aka rubuta a jiki daban abin da suke bayarwa daban, ɗauke ta a hannu kiji, in ba nauyi kamar kwalin ashana to ki nemi wata. Rauta in wuta bata ishe ta ba sai tayi ta mutuwa tana tashi, in hakan ya faɗo daidai lokacin da take rubutu a filashi saitin ya gurɓace ta koma na kamfani

Injiniya Ikeja: A nan kam na sara maka Ɗan Alaba

Ɗan Alaba: A rubuta a ajiye, yau Injiniya ya yarda da maganata

Mai Kafe Agege: Jama'a ta tashi!! Bata yi tambayar nan ba, kai tsaye sunan kafe ya fito, ta nemi fasawod na sa, kwamfutoci duk sun samu IP. Alhamdulillah. Injiniya Allah ya saka da alheri ya ƙara buɗi

Injiniya Ikeja: Amin. Amma kar ka saki jiki da reload kaɗai, in kwastomomi sun ragu kashe ta daga soket gaba ɗaya ka kunna, don irin abin da ke faruwa da ita kenan kullum. Sai ka sake show version kaga 0x2102 ba wani ƙari a gefe

Mai Mikrotik Obalende: Yanzu na shigo na karanta daga sama. Ni tambayata me ya kai mai kafe sayen 1941? Na'urar da ta fito tun 2009, ga fanka ga cin wuta, ga shi in ta tashi fanko baka iya taɓa komai sai da kebul ɗin kwansol. Da rautar MikroTik ka saya ka buɗe Winbox, manhajar saita ta, duk abin da ka canza ya zauna nan take ba wani wr ba wani rijista

Ɗalibin CCNA: An fara 😂

Injiniya Ikeja: Oga Obalende ban ƙi taka ba, ni kaina ga ƙaramin waje ita nake ba mutane shawara, ga ta da saukin raba gudu tsakanin kwastomomi. Amma kar kasa mutane su ɗauka ita bata mantuwa. Safe Mode fa? Mutum ya danna shi a Winbox ko Ctrl+X a taminal, yayi ta aiki, haɗin ya yanke bai fita daga ciki ba, duk abin da yayi ta warware shi. Kuma ƙananan irin hAP lite filashinsu 16MB ne kacal, in ya cika da fayilolin bakof da log sai kayi canji kaga kamar ya zauna, ana sake kunnawa babu.

Mai Mikrotik Obalende: Safe Mode ai taimako ne ba matsala ba, don kar ka kulle kanka a waje aka yi shi

Injiniya Ikeja: 0x2142 ma ai taimako ne, don wanda ya riga ya kulle kansa a waje aka yi shi

Mai Mikrotik Obalende: To naji. Amma maganar wuta fa ina nan a kanta. Tun da aka kai kuɗin wutar Band A, masu samun wuta mafi yawa, naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024 kowa ya koyi lissafin abin da ke jone a soket

Baban Ilham: Wannan kuma gaskiya ne. Amma tunda ya riga ya saya kuma tana aiki ba dalilin jefarwa. Ni abin da zan ce masa ya nemi UPS, na'urar nan mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, ko ƙarami ne ya jona rauta da suwic da na'urar masu bashi intanet a kai, don ko saiti baya ɓacewa irin waɗannan suna ɗaukar mintuna kafin su gama tashi, duk canjin wuta kwastoma na zaune yana kallon agogo kuɗinsa na tafiya

Ɗalibin CCNA: Oga Injiniya tambaya, in an duba rijista tana 0x2102 kuma an yi wr amma duk da haka tana mancewa fa?

Injiniya Ikeja: Sai ka koma kan show startup-config. In yace startup-config is not present ko ya nuna tsohon saiti, to rubutun ne baya shiga, ka kalli saƙon da wr ke bayarwa da kyau, ka buga dir nvram: kaga ko akwai wuri. Ta 1941 wajen 255K take nunawa, saitin kafe ba zai cika shi ba amma a manyan wurare masu dogayen access-list yana faruwa, shi yasa akwai service compress-config. In kuma saitin na nan daidai, duba ko akwai layin boot config da ke tura ta ta ɗauko wani fayil daban. Sannan ka zauna da kwansol a jone ka karanta abin da take rubutawa tana tashi, yawanci da bakinta take faɗin matsalar mutane ne basa karantawa. A suwic kuma in VLAN ne kawai ke ɓacewa to vlan.dat zaka nema a filashi, ba a startup-config yake ba.

Ɗalibin CCNA: Ngd oga, wannan na vlan.dat ɗin ya taɓa fito mana a lab

Mai Kafe Agege: Na zare daga soket na mayar, ta dawo da komai. Yanzu takardar nan da yaron ya rubuta min in ajiye ko ta gama aiki

Injiniya Ikeja: Ajiye, amma ka yi wanda ya fi ta. Buga terminal length 0 sannan show running-config, ka kwafe duka daga PuTTY ka zuba a Notepad, ka sa kwanan wata a sunan fayil ɗin. Ɗaya a laftof ɗaya a filashin da baya zama a shago. Kar ka turo shi nan gurup ko ka ba kowa, fasawod ɗinka na ciki, wanda aka sa da type 7 ma cikin daƙiƙa ake warware shi. In kana da hali ka sa manhajar TFTP mai karɓar fayil daga rauta a laftof kayi copy running-config tftp: ya fi tsabta

Mai Mikrotik Obalende: Ko ya zo Obalende in haɗa masa wadda ba sai an yi duk wannan ba

Mai Kafe Agege: Daga Agege zuwa Obalende a gosulon nan? Ai sai dai in rufe shago yini guda, bari dai wannan ta fara mayar min da kuɗina

Hajiya Mile 12: Na duba, a gindin rautar 12V 1A aka rubuta, a jikin adaftar kuma 12V 0.5A. Maɓallin bayan lafiyarsa ƙalau yana dawowa

Ɗan Alaba: To rabin abin da take buƙata kike bata Hajiya. Ki aiki yaro da rautar a hannu don a gwada bakin ya shiga daidai, yace 12V 1A ko 1.5A, kuma a jona a gabansa kafin ya biya. In an canza ta sake gogewa to filashin cikinta ne ya gaji, irin wannan gyaranta ya fi sabuwa tsada

Hajiya Mile 12: To Allah ya kaimu gobe, yau kasuwa ta riga ta tashi. Ngd